Tsintuwa da Amana: Matsayin Sirrin da ke Cikin Wayar da Ta Ɓata

Babin tsintuwa, wanda malaman fiƙihu ke kira luƙaɗa, yana cikin babukan da ɗalibin zaure ke ratsawa a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Shehu Halil, kuma abin da suke nufi da ita shi ne dukiya mai alfarma wadda ta kuɓuce wa mai ita, aka same ta a inda ake jin tsoron salwantarta. An gina babin a kan hadisin Zaidu ɗan Halid Aljuhani, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya yi tsintuwa da ya kiyaye siffar jakar da abin yake ciki da igiyar da aka ɗaure bakinta, sannan ya yi cigiya har tsawon shekara guda. Hukunce-hukuncen da aka ciro daga wannan hadisi duk sun ginu a kan cewa abin da ya ɓata abu ne mai jiki, wanda idan yana hannun wannan to ba ya hannun wancan, kuma da zarar ya koma ga mai shi magana ta ƙare. Wayar salula, wadda ta shigo hannun jama'a a Nijeriya a shekarar 2001, ta zo da wani yanayi da wannan gini bai ɗauke shi gaba ɗaya ba, domin ana iya mayar wa mutum wayarsa lafiya lau ba ko ƙwarzane, alhali kuwa an riga an kwashe mafi tsadar abin da ke cikinta.

Abin da ke ɓata a lokacin da waya ta zame daga aljihu a cikin adaidaita sahu, ko aka fizge ta a bakin titi, abubuwa ne da suka haɗu a wuri ɗaya amma hukuncinsu ya sha bamban. Akwai jikin na'urar, wanda dukiya ce kamar kowace dukiya, tana da farashi a kasuwa, tana kuma da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ake gani a jikin kwali ko idan aka danna *#06#. Akwai kuma layin, wato ɗan katin sim, wanda a yau ya zama mabuɗin dukiyar da ba ta cikin wayar ma, domin tun da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar tantance masu asusu ta BVN a 2014, kuma hukumar sadarwa ta NCC ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN daga watan Disamba na 2020, layin mutum ya koma kusan sa hannunsa a wajen banki. Wannan ne ya sa gwanayen ɓarayi ba sa ɓata lokaci wajen fasa kullen fuskar waya: sukan zare sim ɗin kawai su saka a wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, su nemo lambar BVN ta hanyar layin, su gane bankin mutum daga saƙonnin shigar kuɗi da fitarsu, kuma duk lambar tabbatarwa ta wucin gadi da banki ko manhajar ba da bashi za ta turo, hannunsu take faɗawa. Daga nan kuma sukan buɗe WhatsApp ɗinsa a wata wayar, su riƙa bin 'yan uwa da abokai suna roƙon rance da sunansa. Bayan waɗannan biyu sai sirri, wato hotuna da saƙonni da muryoyi da takardun asibiti da lambobin mutane, kuma a kansa ne tambayar addini ta fi nauyi.

Dalilin nauyin shi ne cewa fiƙihu yana gyara ɓarnar dukiya ta hanyar lamuni, wato ɗora wa wanda ya lalata abu ko ya salwantar da shi nauyin biya, ko dai da irinsa idan abin yana da iri kamar hatsi da kuɗi, ko da ƙimarsa idan ba shi da iri kamar dabba da tufa. Waya tana da ƙima, kuɗin da aka kwashe daga asusu suna da iri, saboda haka duka biyun ana iya biyan su ko da an sha wuya. Sirri kuwa ba shi da iri ba shi da ƙima, kuma kwafarsa ba ta rage komai daga asalinsa, ta yadda mai shi zai iya ci gaba da kallon hoton iyalinsa a wayarsa yayin da wannan hoton yake yawo a wayoyi dubu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kare su, wato addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, sannan wasu malaman usulu da suka biyo baya, cikinsu har da Ƙarafi Bamalike, suka ambaci mutunci a cikin jerin. Ɓatan waya yakan taɓa dukiya da mutunci a lokaci guda, amma jama'a sun fi yin jaje a kan dukiyar, domin ita ce ake iya faɗin adadinta, alhali ita ce mai sauƙin dawowa a cikin biyun. Tunda kuwa ɓarnar mutunci ba ta gyaruwa bayan ta auku, dole ne mafi yawan nauyin hukunci ya koma kan abin da ake yi kafin aukuwarta, wato kan yadda mai waya ya tsare ta da yadda wanda ta faɗa hannunsa ya kame kansa.

Game da wanda ya tsinci waya, mazhabar Malikiyya ta rarraba hukuncin ɗaukar tsintuwa gwargwadon halin mai ɗauka da halin wurin: wajibi ne ya ɗauka idan ya amince da kansa kuma yana tsoron maha'inci ya riga shi, haramun ne idan ya san zuciyarsa za ta ci amana, makaruhi ne a sauran yanayi. A tasha ko kasuwa ko harabar asibiti, inda waya ba ta minti biyu a ƙasa, mai amana kusan kullum yana cikin kashin farko. Sai dai ɗaukar ba ta ba shi izinin shiga cikin wayar, kuma a nan babin da ya dace a duba shi ne babin neman izini. Suratun Nur, a aya ta 27 da ta 28, ta hana shiga gidajen mutane ba tare da sallama da izini ba, har ma ta hana shiga ko da ba a tarar da kowa a ciki ba, kuma hadisin Sahlu ɗan Sa'ad da ke cikin Buhari da Muslim ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Idan illar hukuncin, wato dalilin da aka rataya shi a kansa, ita ce kare abin da mutum ya suturta daga idon da bai ba izini ba, to wannan illa tana nan cikakkiya a cikin waya, wataƙila ma fiye da yadda take a ɗaki, domin mai leƙen ɗaki yana ganin abin da ke faruwa a wannan sa'ar ne kaɗai, mai buɗe ma'ajiyar hotuna kuwa yana ganin shekaru. Rashin kulle ba ya sauya wannan hukunci, kamar yadda barin ƙofa a buɗe bai taɓa zama izinin shiga ba. Akwai wata ruwaya a Sunan na Abu Dawud da ke tsoratarwa game da duba wasiƙar wani ba da izininsa ba, wadda shi kansa Abu Dawud ya raunana hanyoyinta, amma hukuncin bai dogara da ita ba, tunda aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haramta tajassusi a fili, wato bibiyar abin da mutane suka ɓoye domin a gano shi.

Za a iya cewa mai tsintuwa yana da uzuri, domin an ɗora masa neman mai abu, kuma sau da yawa hanyar da ta fi kusa ita ce duba cikin wayar. Wannan gaskiya ne, amma ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce lalura ana auna ta da gwargwadonta, ma'ana abin da aka halatta saboda buƙata yana tsayawa a inda buƙatar ta tsaya. Mafi tsabtar hanya ita ce ya bar wayar a kunne, ya sa mata caji idan ta kusa mutuwa, ya ɗaga kiran da ya shigo, domin mai waya kusan kullum abin da yake fara yi shi ne aron wayar wani ya kira layinsa. Idan kira bai shigo ba kuma wayar ba ta da kulle, yana iya duba jerin kiran ƙarshe ya nemi sunan da ke nuna kusanci, irin su Mama ko Yaya ko Maigida, ya kira ya sanar. Wannan ya isa. Hotuna da hirarraki da saƙonnin banki ba sa ƙara masa komai wajen gano mai abu wanda kira ɗaya bai ba shi ba, saboda haka buɗe su son sani ne kawai da aka yafa masa rigar taimako. Kashe wayar ko zare layin kuwa, wanda shi ne matakin farko na mai niyyar riƙewa, alama ce da ke fitar da mutum daga sahun amintattu, kuma malaman Malikiyya sun ce wanda ya ɗauki tsintuwa da niyyar mallake ta, lamuninta ya hau kansa tun daga wannan lokaci ko da ta salwanta ba da sakacinsa ba.

Wani abin lura shi ne yadda kullen waya ya sauƙaƙa wata tsohuwar matsala ta wannan babi. An umarci mai cigiya da kada ya bayyana siffar abin da ya tsinta filla-filla, domin siffar ita ce jarrabawar da ake yi wa mai da'awa, kuma a mazhabar Malik ana miƙa abin ga wanda ya faɗi siffar jaka da igiya daidai ba tare da an nemi ya kawo shaidu ba. A waya, lambar sirri ko zanen yatsa su ne suka tsaya a matsayin jaka da igiya, kuma sun fi su ƙarfi, domin launin waya da samfurinta kowa na iya gani daga nesa, amma buɗe ta a gaban mutane sai mai ita ko wanda ya yarda da shi. Mai cigiya a ƙofar masallaci ko a gidan rediyo ko wajen mai unguwa zai wadatu da cewa an tsinci waya a wuri kaza ranar kaza, ya bar sauran ga wanda ya zo.

Inda babin tsintuwa ya rabu da sirri rabuwa ta sosai shi ne bayan cikar shekara. Fiƙihu ya ba mai tsintuwa zaɓi a wannan lokaci: ya ci gaba da ajiyewa, ko ya yi sadaka da abin, ko ya mallake shi, tare da cewa a biyun ƙarshe zai biya idan mai shi ya bayyana daga baya. Wannan zaɓi yana aiki a kan jikin wayar, amma babu adadin shekarun da za su shuɗe su mayar da hoton matar wani ko saƙon likitansa halal ga baƙo, domin haramcin kallonsu tun asali bai rataya a kan mallaka ba. Saboda haka wanda ya zaɓi amfani da wayar ko bayar da ita sai ya goge ta ƙarƙaf tukuna, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ba tare da ya bi abin da ke ciki da kallo ba. Gaskiya ne gogewar tana iya halaka abin da mai wayar ba shi da kwafinsa a ko'ina, kamar hoton mahaifi da ya rasu ko lissafin bashin da yake bin mutane, kuma wannan ɓarna ce da bai kamata a raina ta ba. Amma idan aka auna ɓarna biyu, ta rasa abin tunawa da ta tonuwar asiri a hannun wanda ba a san shi ba, ta biyun ta fi girma kuma ta fi yaɗuwa zuwa ga wasu, sai a ɗauki mafi sauƙin. Katin memori, idan akwai, ya fi dacewa a zare shi a adana shi daban, tunda ajiyarsa ba ta da wahala kuma ba ta hana amfani da wayar. Kamfanoni ma sun shigo da nasu hukuncin a nan, domin Apple tun 2013 da Android tun 2015 sun sa wani kulle da ke hana amfani da waya bayan an goge ta sai an shigar da asusun mai ita na farko, ta yadda a aikace wayoyi da yawa ba sa zama mallakar mai tsintuwa sai ta hanyar fasa wannan kulle a wajen masu filashin, kuma wanda ya kai ga haka ya kamata ya tabbata ya sauke haƙƙin cigiya da gaske.

Haramcin dubawa yana da togaciya, amma ƙuntatacciya ce. Buhari ya kawo ƙissar Haɗib ɗan Abi Balta'a, wanda ya aika wa Ƙuraishawa wasiƙa gab da buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira, aka tura Sayyidina Ali da abokan tafiyarsa suka karɓo ta daga hannun matar da ke ɗauke da ita, kuma Buharin ya kafa hujja da ƙissar a kan halaccin duba wasiƙar wanda ake tsoron cutarwarsa ga jama'a. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya iyakance irin wannan bincike ga laifin da idan aka jinkirta ba za a iya gyara shi ba, kamar a samu labari daga amintacce cewa wani ya keɓe da wani domin ya kashe shi. A yankin da garkuwa da mutane ta zama ruwan dare, ana iya tsintar wayar da saƙon da ya bayyana a fuskarta yake nuna cinikin fansa, kuma wanda ya ga haka hanyarsa ita ce miƙa ta ga hukuma yadda take. Zato kawai, ko ganin alamar cewa mai wayar yana da wani zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ya shiga wannan togaciya, kuma wanda idonsa ya faɗa kan irin wannan ba da nufi ba, abin da ke kansa shi ne suturtawa.

Mai wayar shi kansa ana yawan kallonsa a matsayin wanda aka zalunta kawai, kuma lalle an zalunce shi, amma akwai wata fuska da ba a cika dubawa ba, wato kasancewar mafi yawan abin da ke cikin wayarsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Saƙon da ƙanwarsa ta turo tana kukan zaman aurenta nata ne, hoton sakamakon gwajin da aboki ya aiko yana neman shawara na abokin ne, haka lambobin asusun abokan ciniki da hotunan matan gida a wajen biki ba lulluɓi. Hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa maganar da mutum ya faɗa yana waiwaye, don gudun kada wani ya ji, ta zama amana a wuyan wanda aka faɗa wa ko da ba a ce masa ya riƙe ba. Wanda ya turo saƙo ga mutum ɗaya, bai saka shi a zauren jama'a ba, ya yi wannan waiwayen. Idan haka ne, mai waya yana cikin hukuncin wanda aka ba ajiya, kuma ƙa'idar ajiya ita ce ba a ɗora wa mai riƙonta lamuni idan ta salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, sakaci kuwa ana gane shi da al'ada, wato barin abu a ƙasa da irin tsaron da mutane ke ba irinsa. A zamanin da sa kulle ba ya cin ko kwabo kuma ba ya ɗaukar minti guda, da wuya a kira wanda ya bar waya a buɗe, ko ya sa shekarar haihuwarsa ko 1234 a matsayin lambar sirri, da wani suna ban da mai sakaci. Mutum yana da damar yin sassauci a haƙƙin kansa, amma ba shi da wannan dama a haƙƙin wanda ya amince masa.

Hausawa sukan ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma maganar tana da gaskiya matuƙar ba a mayar da ita hanyar rage wa ɓarawo laifi ba, domin alhakin mai ƙwace cikakke ne ko wayar tana da kulle ko babu, sakacin mai ita wani alhaki ne daban da ke tsakaninsa da waɗanda sirrinsu ke hannunsa. Haka nan fakewa da ƙaddara ba ya ɗauke wannan nauyi, tunda hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mai raƙumi ya haɗa ɗaurewa da tawakkali a umarni guda. Ɗaurewar a nan ta ƙunshi abubuwan da aka sani: kullen fuska mai ƙarfi, wanda a wayoyin zamani shi ne kuma mabuɗin rufaffen tsarin da ke hana karanta abin da ke ciki, kullen sim, wanda mutane ƙalilan ne ke sa shi alhali shi kaɗai ne ke bin layin duk wayar da aka kai shi, kuma yana toshewa bayan kuskure uku sai an kawo lambar PUK; sai kuma lambar tabbatarwa ta biyu mai alƙaluma shida a WhatsApp, kunna tsarin nemo waya na Google ko na Apple, wanda ke ba da damar goge ta daga nesa, da barin al'adar rubuta lambar sirrin katin banki a cikin jerin sunaye. Bayan ɓata kuma gaggawa ita ce kan gaba, domin ɓarnar layi takan auku ne a cikin sa'o'in farko, kuma bankuna da dama sun tanadi lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu kafin a je ofishin kamfanin sadarwa a toshe layin a karɓi sabo. Sanar da dangi cewa waya ta fita daga hannu shi ma haƙƙinsu ne, tunda su za a fara damfara.

Akwai kuma matakin da ya riga duk waɗannan, wato tambayar ko ya dace a ɗauki wasu abubuwa a waya tun farko. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani game da ma'auratan da ke yaɗa sirrin shimfiɗarsu, kuma duk da cewa ɗaukar hoto ba yaɗawa ba ce, ajiye shi a na'urar da ake ara, ake kai gyara, ake mantawa a teburin mai shayi, buɗe ƙofar yaɗuwar ne, abin da malaman Malikiyya ke hanawa da ƙa'idar toshe kafa, wato hana abin da asalinsa ba laifi ba ne idan galibi yana kaiwa ga ɓarna. Kano ta ga girman wannan a shekarar 2007, lokacin da wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu daga hannu zuwa hannu, har ya kai ga dakatar da ɗaukar finafinan Hausa a jihar na tsawon watanni, abin da ya taɓa abincin ɗimbin mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Dokokin ƙasa sun taɓo wannan fage, amma daga wata kusurwa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta tarho, dokar laifukan intanet ta 2015 ta hukunta shiga na'urar wani ba bisa izini ba da yin sojan gona, sannan dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki, kamar yadda Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2017, Gana kuma tun 2012. Sai dai dokokin kare bayanai sun fi fuskantar bankuna da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati, masu tara bayanan dubban mutane, kuma babu sufeton da zai tsaya a kan yaron da ya tsinci waya a layin famfo ya ga ko ya buɗe hotuna. Abin da ke faruwa a wannan lokaci babu mai shaidarsa, kuma irin wannan wuri shi ne ainihin fagen amana, tunda ma'anarta ita ce kiyaye abin da mai shi ba shi da ikon sa ido a kansa.

Kasuwar waya, irin ta Farm Centre a Kano da takwarorinta a Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, ita ce inda duk waɗannan hukunce-hukunce suke haɗuwa. Mai gyara yakan nemi a ba shi lambar sirri domin ya gwada aikinsa, mai waya kuma yakan rubuta masa ita a 'yar takarda ya manna a bayan wayar ya tafi, ya dawo gobe. Malikiyya suna da wani hukunci sananne da ake kira lamuncewar masu sana'a, wanda ya ce mai sana'ar da ya kafa kansa domin yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini, zai biya abin da ya salwanta a hannunsa idan ya keɓe da shi ba a gaban mai shi ba, sai in ya kawo shaidar cewa ba laifinsa ba ne, alhali asalin wanda aka damƙa wa abu shi ne a gaskata shi. Sun kafa wannan a kan maslaha, domin mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu, kuma ba su da hanyar sanin abin da aka yi da su a bayan idonsu. Dalilin ya fi bayyana a kan mai gyaran waya fiye da maɗinki, kuma bambancin da malamai suka yi tsakanin aikin da aka yi a gaban mai kaya da wanda aka keɓe da shi yana nuna hanyar da ta fi aminci ga ɓangarorin biyu: canjin gilashi ko batir ko wurin caji ba ya buƙatar lambar sirri, gwajin kuma ana iya yin sa mai waya na tsaye, ya buɗe da hannunsa, sim da memori suna aljihunsa.

Mai saye shi ma ba a bar shi ba. Sata ba ta cire abu daga mallakar mai shi, saboda haka duk hannun da wayar sata ta ratsa, mai ita yana da haƙƙin karɓar abarsa idan ya tabbatar da ita, wanda ya saya kuma sai ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa, wannan shi ake kira istihƙaƙi. Wayar da aka kawo ba kwali ba rasit, a rabin farashinta, a kulle da asusun wani, ta riga ta faɗi tarihinta, kuma dillalin da ya karɓa yana cewa bai sani ba ya taimaka wa sana'ar da a shekarun nan ta ci rayukan matasa a titunan Kano, domin ƙwacen waya ba ya ɗorewa sai da wurin kai kaya. Wanda kuwa ya sayi waya ta hannu da kyakkyawar niyya, ya je gida ya tarar da hotuna da saƙonnin mai ita na farko ba a goge ba, cinikinsa ya ba shi na'urar ne kaɗai. Idan alamu sun nuna ta sata ce, sai ya nemi mai ita ta hanyar lamba ɗaya daga cikin na kusa da shi, kamar yadda mai tsintuwa zai yi, ya kuma riƙe shaidar cinikinsa domin komawa kan dillali. Idan kuma mai ita ne ya sayar ya manta bai goge ba, sai ya goge masa ba tare da ya bi abin da ke ciki da kallo ba.